Kafin ki kai yaronki makarantar nazare

'Yar uwa dan Allah kar fenti da katon get su rude ki. Ki je da safe wajen karfe goma ba tare da kin sanar ba, ki leka aji ki ga yara nawa malama daya take rike da su, in sun haura talatin wallahi dan shekara uku bacewa zai yi a ciki, kuma ki lura ko akwai bulala a kan tebur. Daga nan ki wuce bandaki, akwai ruwa? Wa ke wanke wa yara? Ki tambayi kudin kowane zango har da yunifom da littattafai tun yanzu. Kuma ki zabi ta kusa, yaro karami baya jure doguwar tafiya a adaidaita kullum.