Yadda za ka bi sawun kakan da ba a san iyayensa ba

Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta salsalar gidansu ya san wurin da ake cijewa, ka lissafa baba, ka lissafa kaka, ka kai kan kakan baba sai kowa ya ce ai shi zuwa ya yi. Daga ina? Shiru. Ni na kusa shekara biyu a kan namu, ga yadda na bi.

Fara da tsofaffin mata, kuma yau ɗin nan, kada ka ce sai bayan sallah. Goggo da inna da kishiyar kakarka sun fi maza riƙe zancen aure da goyo da wa ya sha nonon wa. Sayi goro, kunna rikodin a wayarka bayan ka nemi izini, kuma kada ka tambaye ta shekara nawa, ba haka suke lissafi ba. Ce mata Goggo, da Turawa suka shigo Sakkwato yana da wayo? Wancan 1903 ke nan. Rikicin mutanen ƙauyen Satiru da Turawa 1906. In ta ce ya yi aure zamanin Sarkin Musulmi Maiturare, tsakanin 1915 da 1924 ne, Tambari 1924 zuwa 1931, Hassan ɗan Mu'azu 1931 zuwa 1938, daga nan sai Sarkin Musulmi Abubakar na uku har 1988. Da wannan kaɗai za ka iya kintatar haihuwarsa da kuskuren 'yan shekaru.

Yanzu wurin da na fi so ka natsu, suna. Sunan da ke bin na kakanka ba dole na mahaifinsa ba ne. Yaro ana ba da shi riƙo, ko a kai shi almajirci ya girma hannun malam har a riƙa kiransa da sunan malamin, ko agola ne ya ɗauki sunan mijin uwa, ga kuma alkunya, matan gida ba sa faɗin sunan ɗan fari ko na miji sai laƙabi. Mu wata shida muna neman wani mutum a matsayin uba, ashe malaminsa ne na allo, wata tsohuwa ce tana tsinkar zogale a tsakar gida ta faɗa haka nan a cikin hira, wai ai kowa ya sani. To rubuta kowane suna da laƙabi, ka sa wa ya faɗa maka da ranar.

Tambayi tsagen fuskarsa, domin askar Gobirawa daban da ta Kabawa da ta Zamfarawa, tsohon wanzami zai fassara maka. Tambayi sana'ar da ya zo da ita, jima ko ƙira ko dukanci, da kirarin da maroƙa ke wa gidanku a biki, sau da yawa sunan gari yana ciki.

Sai takardu. Duba tsohon Alƙur'anin gida na hannu da gafaka, malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen shafi da lissafin Hijira. Takardar rabon gado ta kotun alƙali ita ce ta fi komai, don tana jera magada da dangantakarsu. Leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu a nan cikin garin Sakkwato, in kana da hali ka je Kaduna, a National Archives, ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnati, akwai fayilolin lardin Sakkwato masu lambar SOKPROF, rahotannin gundumomi da haraji, ga kuma cibiyar binciken tarihi ta Arewa House. Sunan talaka da wuya ya fito, amma za ka ga labarin ƙauyensa da hakimin lokacin.

Abu ɗaya ka shirya wa zuciyarka. Wani shirun na bauta ne, an kamo yaro ƙarami a yaƙi bai ma san sunan garinsu ba. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga Afrilun shekarar ne kawai, hanin gaba ɗaya sai 1936, saboda haka abin bai yi nisa ba. In ka ga tsohuwa ta sauya magana, ƙyale ta, ka dawo wata rana kai kaɗai ba tare da yara ba, ka kuma tambaye ta abin da ta yarda a rubuta.