Idan kash (cache) ɗin Active Directory ya cinye wuri a NAS ɗinka, kar ka yi saurin gogewa

Wannan na waɗanda suke da sabar ajiye fayil, wato NAS, mai Linux da Samba (manhajar raba fayiloli da kwamfutocin Windows) ne, wadda aka haɗa da domen ɗin Active Directory, inda Windows ke riƙe asusun ma'aikata, ta hanyar winbind, ɓangaren Samba da ke tambayo bayanan mutane daga domen ya ajiye kwafinsu na wucin gadi da ake kira kash. Abin yakan fara ne da safe, mutane su ce folda ta ƙi buɗuwa, ka duba diskin ajiya ka ga akwai wuri da yawa, ashe ɗan ƙaramin ɓangaren da /var yake ciki ne ya cika maƙil, winbind kuwa in ya rasa inda zai rubuta sai ya fara shirme.

Abu na farko dai ka gano wa ya ci wurin. Buga df -h ka ga wane ɓangare ne ya cika, sai du -sh /var/lib/samba /var/cache/samba /var/log/samba. In ba ka san inda sigar taka take zuba fayilolinta ba, smbd -b zai nuna maka, ka nemi STATEDIR da CACHEDIR da LOCKDIR. Gaskiya sau da yawa ma ba kash ba ne ɓarawon, log ne, wato fayilolin da ke rubuta abin da ke faruwa, wani ya ɗaga log level zuwa 10 yana neman matsala ya manta bai sauke ba, ga kuma log.%m da ke buɗe wa kowace kwamfuta fayil nata daban. In haka ne ka mayar da shi 1, ka share tsofaffin, magana ta ƙare.

To in kash ɗin ne fa, a nan ake yin ɓarna. Cikin /var/lib/samba fayiloli ne rututu duk ƙarshensu .tdb, ido ba ya bambance su, alhali ba aikinsu ɗaya ba. winbindd_cache.tdb kash ne na gaske, sunayen mutane da rukunonin da aka tambayo daga domen ne a ciki, ka cire shi zai sake ginuwa. Amma winbindd_idmap.tdb da ke zaune kusa da shi ba kash ba ne sam, littafin rajista ne, shi ke riƙe da cewa SID kaza, wato lambar shaidar mutum a Windows, shi ne UID kaza, lambarsa a Linux, muddin idmap ɗinka, saitin da ke haɗa lambobin biyu, tdb ne. Shi ma secrets.tdb da ke cikin private, kalmar sirrin sabar da domen tana ciki, ka goge shi sai ka sake shiga domen daga farko.

Ni na taɓa yin wannan wautar a wani ofis da nake duba musu sabar, na ce ai duk tdb ne, na buga rm da tauraro na goge su duka. Wuri kam ya samu. Da aka tada winbind sai ya hau raba lambobi sabo bisa wanda ya fara shigowa, ls -l ya riƙa nuna min foldar mai kuɗi da sunan wani can a sito, wasu kuma lambobi tsirara babu suna. Allah Ya sa akwai kwafin daren jiya, in ba haka ba da chown zan kwana ina yi folda-folda ina mayar wa kowa tasa.

Ga yadda nake yi yanzu. Kafin na taɓa komai sai na buga wbinfo -P na tabbatar sabar domen tana amsawa, saboda in an kunna winbind offline logon, wannan kash ɗin ne ke barin mutane su shiga lokacin da domen ba ta samuwa, ka share shi a irin wannan lokaci ka kulle kowa a waje har da kai. Daga nan na tsayar da winbind, na kwafe foldar /var/lib/samba gaba ɗaya zuwa babban diski da cp -a, na buga net cache flush, sai na matsar da winbindd_cache.tdb gefe da mv maimakon gogewa, na tada winbind. Gwaji kuma wbinfo -t ne, sai id da sunan wani ma'aikaci ka gwada lambar da abin da ls -ln ke nunawa a kan foldarsa. Lamba ta zo ɗaya, shike nan. Mintocin farko zai ɗan yi nauyi tunda komai sai ya sake tambayowa, kar hankalinka ya tashi.

Sai dai in ba ka gyara dalili ba zai sake kumbura. Duba smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, in ka ga winbind enum users da winbind enum groups a kan yes, mayar da su no, dama haka suke zuwa. Su ne ke sa a jawo jerin mutanen domen kaf duk sanda aka buga getent passwd, kuma shiga folda ba ya buƙatarsu, mutane dai na kunnawa ne don su ga sunaye sun jeru hankalinsu ya kwanta. Shi winbind cache time sakan 300 ne asalinsa, ni dai ban cika taɓa shi ba.

Masu amfani da SSSD maimakon winbind, naku kash ɗin yana /var/lib/sss/db. Ku sani sss_cache -E cewa kawai yake yi bayanan sun tsufa a sake tambayowa, ba ya rage girman fayil ko kaɗan, sssctl cache-remove ne ke cirewa, kuma yana tafiya da kalmomin sirrin da aka adana. A tsarin NAS na TrueNAS kuwa akwai maɓallin Rebuild Directory Service Cache, shi za ka danna, kar ka shiga ciki da hannu tunda tsarin ne ke rubuta saitinsa da kansa.

Sabuwar sabar da za ka kafa gaba ka sa idmap rid ga domen ɗinka, lambar lissafo ta ake yi daga RID na mutum, wato ƙarshen SID ɗinsa, don haka ko an share komai ita za ta dawo. Amma kan sabar da take aiki da fayiloli a kai kar ka canza shi da rana tsaka, duk lambobin za su sauya, sai ka ware ranar da babu kowa a ofis kuma kwafi na hannunka.