Yadda ake ganin matsin da ke ɓoye cikin roba da gilashi

Gilashi ko roba mai garai-garai ba ya nuna inda ya takura sai ranar da ya tsage. Haske ne ke tona asirinsa. Tun a 1816 David Brewster, masani ɗan Sukotland, ya nuna cewa gilashin da aka matse yana raba haske gida biyu, ɗaya ya riga ɗaya fitowa. Wannan 'yar tazara ce ke zama launuka, kuma a ɗakinka ma za ka iya ganinsu.

Nemi kwamfuta mai allon LCD, wato shafaffen allo irin na yawancin laftof, da tabarau irin na direbobi mai kashe ƙyalli, wanda aka rubuta Polarized a jikinsa, sai rular roba ta 'yan makaranta.

Da farko buɗe farin shafi, ka ƙure hasken allon. Riƙe tabarau a gabansa kana juya shi a hankali har allon ya yi baƙi ƙirin. In ya ƙi yin duhu, nemi wani tabarau ko wani allon.

Yanzu sa rular tsakanin allo da tabarau. Launuka za su bayyana layi-layi. Yawancinsu tun daga masana'anta suke, lokacin da narkakkiyar roba ta daskare a mazubi. Lanƙwasa ta kaɗan, ka ga yadda layukan ke tafiya: wannan matsin hannunka ne.

Karatun launukan shi ne aikin, kada ka yi gaggawa. Suna bin tsari: baƙi, toka-toka, fari, rawaya, ja, shunayya, shuɗi, kore, sannan rawaya da ja su maimaitu. Baƙi shi ne sifili. Duk sanda ka tsallake daga ja zuwa shuɗi ko kore, ka ƙirga mataki ɗaya. Amma hattara da baƙin layin da ke gudu idan ka juya rular. Alkiblar matsi yake nunawa, ba girmansa ba.

Injiniyoyi suna ninka adadin matakan da lambar da aka auna wa irin wannan roba, su raba da kaurinta. Abin da ya fito shi ne bambanci tsakanin matsi mafi girma da mafi ƙanƙanta a wurin.

Duba bakin rami da kusurwa mai kaifi sosai. Inda layuka suka cunkushe, galibi nan tsagewa za ta fara, shi ya sa masu ƙera kwalabe ke duba kayansu ta wannan hanya kafin su fita kasuwa.