Zaɓen Kifi da Ciyar da Su a Ƙaramin Akwatin Murjani

Akwatin gilashi mai lita 40 zuwa 100 na ruwan gishiri, wanda aka dasa murjani mai rai a cikinsa, ba ya jure kuskure, domin ƙazantar da babban akwati zai shanye ba tare da an lura ba tana iya hallaka murjanin ƙarami cikin 'yan kwanaki. Saboda haka yawan ruwa ne yake yanke yawan kifi, ba sha'awar mai kiwo ba. A lita 60, kifi biyu ko uku ƙanana sun wadatar, kuma ba a sa ko ɗaya sai akwatin ya yi mako huɗu zuwa shida yana aiki, har bakteriyar da ke narkar da amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta zauna a jikin duwatsu.

Wanda ya fi dacewa da mai farawa shi ne Amphiprion ocellaris, kifin nan mai ruwan lemo da fararen ratsi uku da 'yan kasuwa ke kira clownfish. Yana da juriya, ba ya tsanga wajen abinci, kuma ba ya taɓa murjani. A sayi matasa biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya girma, domin babban ne yake rikiɗewa ya zama mace, ƙaramin ya tsaya namiji, su zauna lafiya. Idan aka ƙara na uku, yawanci shi ne zai sha wahala. Ƙananan kifayen gobi su ma sun dace, musamman Cryptocentrus cinctus mai ruwan ɗorawa, wanda ke raba rami da wani jatan lande: jatan landen yana haƙa, kifin kuma yana gadi. Gramma loreto na tekun Karibiyan yana buƙatar kogon ɓuya. Nemateleotris magnifica kuwa gwanin tsalle ne, don haka murfi ya zama dole.

Akwai waɗanda kyansu ke ruɗar mutum. Shuɗin kifin nan Paracanthurus hepatus yana kai santimita 30, kuma ninƙaya mai nisa yake so. Synchiropus splendidus yana wuni yana tsintar ƙananan halittu masu rai a jikin duwatsu. Cikin ɗan lokaci zai cinye na ƙaramin akwati, sannan ya rame a hankali har ya mutu. A ganina, bai kamata a sayar wa sabon mai kiwo da shi ba.

A fifita kifin da aka ƙyanƙyashe a gona a kan wanda aka kamo daga teku, domin ya saba da abincin hannu, kuma a wasu yankunan Filifin da Indonesiya an sha kama kifi da gubar sayanaid. Kafin biya, a nemi mai kanti ya ba kifin abinci a gaban mai saye. Daga nan a killace shi a wani akwati na kusan mako huɗu, domin idan ya nuna ciwo a yi masa magani a can, saboda maganin cutar fararen ɗige-ɗige yakan ƙunshi jan ƙarfe, wanda ke kashe murjani da jatan lande.

Yawancin ɓarna daga ciyarwa take zuwa. A ba su abin da za su cinye cikin minti ɗaya zuwa biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, bayan an tsayar da famfon da ke juya ruwan akwatin don kada ya kwashe abincin ya cusa a bayan duwatsu. Abin da ya saura yana ruɓewa ya zama sinadaran naitiret da fosfet, gansakuka ta samu taki ta lulluɓe murjani. Daskararren jatan landen mysis ya fi artemia, wani ƙaramin jatan landen da ake ba kifi, gina jiki. A narkar da shi a cikin ɗan ruwan akwatin, a tsiyaye, sannan a zuba, ana sassauya shi da ƙananan ƙwayoyin busasshen abinci. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, busasshen ya fi aminci, domin daskararren da ya narke ya sake daskarewa ba abin yarda ba ne. Idan cikin kifi ya shafe, a ƙara kaɗan. Idan gilashi ya soma yin kore da wuri, a rage, a kuma canza kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako.