Ku ajiye wa tsuntsaye abinci a lokacin sanyi

Salam 'yan uwa na nan Ingila, sanyi ya shigo, a Disamba ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi, ƙasa ta daskare, tsuntsayen nan ba sa samun tsutsa ko ƙwari kuma dare ga tsawo, wallahi tausayi suke ba ni.

Ga abin da nake yi da yarana. A samu gorar ruwa ta roba a wanke ta bushe sarai, a huda ta gefe da gefe a zura cokalin katako, a ɗan faɗaɗa hudar saman cokalin yadda tsaba za ta riƙa zubowa kaɗan kaɗan, sai a cika da gero ko 'ya'yan sanfulawa, a ɗaure da igiya a rataye a reshe inda mage ba za ta kai ba. Ƙasan gorar ma a yi ƙananan huji saboda ruwan sama, in tsabar ta jiƙe fumfuna take yi.

Kitsen saniya in an narkar an gauraya da tsaba shi ya fi ba su ƙarfi. Amma don Allah banda gishiri, gyaɗa mai gishiri illa take musu.

Ruwan sha kuma a ajiye musu a canza kullum da safe don ƙanƙara yake zama, gorar a wanke duk sati.