Yadda Za Ka Sauya Babur Zuwa Wanda Ba Zai Karya Maka Baya a Doguwar Tafiya Ba

Babur ɗin da ke kai mutum kasuwa ya dawo da shi gida lafiya lau, shi ne dai zai sauke shi a Katsina yana dafe da ƙugu in daga Kano ya taso. Zirga-zirgar cikin gari ba ta fallasa aibin babur, domin kowane minti biyar sai an tsaya, an sauke ƙafa, an miƙe baya. Amma tafiyar kilomita 170 a zaune wuri guda, ko ta Kano zuwa Kaduna da ta haura 200, ba ta rufa wa kowane babur asiri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, mai babur kan yi lissafi ya ga gara ya hau abinsa. In ka shiga wannan sahu, kuma jikinka ya fara ƙorafi, ga yadda za ka bi sauyin ba tare da ka zubar da kuɗinka ba.

Mataki na farko: gano inda ke maka ciwo

Kada ka tunkari dillali tukuna. Yawancin masu sauya babur girman inji suke bi, su sayi wanda ya fi ƙarfi, bayan wata guda su tarar ciwon na nan inda yake. Hau wanda kake da shi yanzu, ka yi tafiyar awa ɗaya ba tsayawa, ka lura da gaɓar da ta fara kuka, domin kowane ciwo da abin da yake nunawa.

In mazaunai ne ke zafi, laifin sirdi ne: ko ya yi siriri, ko soson ya mutu har kana jin ƙarfen da ke ƙasa. In gwiwa da cinya ne ke ƙagewa, matakin ƙafa ya yi kusa da sirdi, wato babur ɗin ya yi maka kaɗan, kuma dogayen mutane ne suka fi shan wannan. Ciwon kafaɗa da wuya da tsakiyar baya daga kan babur, wato ƙarfen tuƙi da kake riƙewa, yake zuwa, ya yi nisa ko ya yi ƙasa, kana tafe a sunkuye kana miƙa hannu. Ƙugu kuwa, in yana amsawa duk lokacin da ka faɗa rami, shokozoba ce ta gaji ko ta yi tauri. Sai na ƙarshe, wanda aka fi rainawa: tafin hannu da yatsu su mutu, ka sauka kana jin kamar ba naka ba. Wannan karkarwar inji ce. Ƙaramin inji mai silinda ɗaya, in aka matse masa totur awa biyu yana ihu a giyar ƙarshe, duk rawar da yake yi a hannunka da tafin ƙafarka take ƙarewa.

Rubuta abin da ka gano, ko a waya ne. Da shi za ka shiga kasuwa.

Mataki na biyu: tabbatar gyara ba zai wadatar ba

Wani ciwon bai kai a sayar da babur a kansa ba. Mai ɗinkin kushin zai iya sake maka sirdi, kuma a nan mutane ke kuskure, su ce a cika musu soso mai laushi. Soso mai laushi daɗin minti ashirin gare shi, daga nan ka nutse, nauyinka duka ya taru a ƙashi biyu. Kamar katifa ne, wadda ta cika laushi ita ke tashin mutum da ciwon baya. Ka ce a sa mai ɗan tauri, a faɗaɗa wurin zaman, a daidaita shi kada ya riƙa zamo da kai zuwa tanki.

Kan babur ana iya sassauta ƙusoshin da suka riƙe shi a ɗan karkato shi wajenka. Shokozobar baya a yawancin babura tana da matakai da ake murɗawa, a sassauta in kai kaɗai ne, a ƙara tauri in da goyo ko kaya. Iskar taya ma a auna ta da ma'auni, a bi adadin da kamfani ya rubuta, domin mai faci in ka bar shi da son ransa sai ya ɗura har tayar ta koma dutse. Don rage ihun inji, bakanike zai iya sauya ƙaramin faifan haƙoran da ke jan sarƙa daga gaba, ya sa wanda ya fi da haƙori ɗaya. Daga 14 zuwa 15, misali, juyin inji zai ragu da kusan kashi 7 cikin 100 a gudu iri ɗaya, sai dai babur zai ɗan rage kuzari wajen tashi da hawan tudu.

Abin da gyara ba ya magancewa shi ne babur ya yi maka kaɗan, ko injin ya gaza da nisan da kake yi. In nan matsalar take, to sauyi ya wajaba.

Mataki na uku: zaɓi ajin da ya dace da hanyarka

Roba-roba dai a cire ta daga lissafi. Tana da daɗin sha'ani a cikin gari, ga tsimin mai, amma tankinta bai fi lita 4 ba, kuma ba a gina ta don a wuni a kanta ba. Masu ƙananan tayoyi irin na sikuta su ma haka, kowane rami sai sun faɗa ciki gaba ɗaya. Taya mai inci 17 ko 18 ita ke haye gargada ba tare da ta jijjiga mutum sosai ba.

Ga mafi yawanmu, a ganina, amsar tana tsakanin inji 125 da 150 (wato girman injin, a ma'aunin cc), kuma in da hali mai giya biyar. Giya ta biyar ɗin nan ita ce sirrin: a gudun da mai giya huɗu ke ihu, shi yana tafe a natse, hannu ya huta, mai ma ya ragu. Bajaj Boxer mai inji 150 da TVS HLX 150 suna cikin wannan aji, sirdinsu dogo ne shimfiɗaɗɗe, tankinsu na cin lita 11 zuwa 12, sai dai ka tambayi adadin giyar wanda aka nuna maka, don ba duka fitowar ce iri ɗaya ba. Akwai Honda Ace 125 da ake haɗawa a Ota ta jihar Ogun, akwai kuma Haojue mai inji 125 da 150. Dogon sirdi yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba: kana iya matsawa gaba ko baya a kan hanya, ka sauya wurin da nauyi ke sauka.

Manyan babura na ƙasashen waje, irin su Suzuki V-Strom 650 da Kawasaki Versys 650, don doguwar tafiya aka ƙera su, ba musu. Silinda biyu gare su, ga gilashin tare iska, ga tanki mai cin wajen lita 20. Amma kowannensu ya haura kilo 200, alhali Boxer wajen kilo 120 ne, kuma duk wanda ya taɓa tura babur a cikin yashi ya san bambancin. Babbar tambayar ita ce: in ya tsaya maka tsakanin Kazaure da Daura, wa zai taɓa shi? Fulogi da sarƙa da wayar kulocin Boxer kusan kowane ƙauye mai kasuwa akwai su, kuma yaron bakanike ma ya san cikinsa. Na babban babur kuwa sai an aika birni, wani lokaci sai an yi oda daga waje. In ba ka da bakaniken da ya san su da aljihun da zai ɗauke su, bar wa masu shi.

Mataki na huɗu: hau kafin ka biya

Ba a cinikin biri a sama. Hoto a Facebook ba zai gaya maka yadda gwiwarka za ta zauna ba. Zauna a kai, ka sauke ƙafafu biyu, su taɓa ƙasa ba tare da ka yi ɗage ba. Ɗora hannu a kan babur: gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, baya ya miƙe, kafaɗa ta saki. Ɗora ƙafa a mataki, ka duba ko gwiwa ta haura ƙugu. In ta haura, wannan ma ya yi maka kaɗan.

Masu sayar da sabo ba kasafai suke bari a fita da shi ba, saboda haka nemi wani abokinka ko ɗan unguwa mai irinsa, ka zuba masa mai, ka ari nasa na rabin awa a kan titi mai tsawo. Duba madubi kana cikin gudu: in hoton ya dagule ba ka gane abin da ke bayanka, karkarwar ta yi yawa, kuma hannunka zai gaya maka nan da awa ɗaya. In da iyali kake tafiya, a gwada da goyo, a tambayi na bayan yadda ya ji, don shi ma jiki gare shi. Birkin gaba mai faifai ya fi kamawa, taya marar tif kuma in ƙusa ta shige ta a hankali take sacewa, ba ta fashewa farat ɗaya.

Mataki na biyar: in na hannu ne

Je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, kuma ku je da safe injin na sanyi. Babur ɗin da aka riga aka ɗuma kafin ka iso yana iya ɓoye wahalar tashi. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce yana shan baƙin mai. Duba shokozobar gaba ko mai na tsatsafowa, ka danna baya ka saki: in ya yi ta lilo, shokozoba ta mutu. A gefen taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba ta bushe.

Takardu kuwa ba wasa. Lambar inji da ta jikin babur su dace da abin da ke rasit da takardun rajista, harafi da harafi. In ka ga alamar an kankare ko an sake bugawa, juya ka tafi komai arahar, domin babur ɗin sata a shingen farko zai kwana, kai ma tare da shi. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a sauya sunan mai shi a ofishin rajista.

Tsohon naka, ka wanke shi, ka sayar da kanka in kana da haƙuri, ya fi musaya da ciko kawo kuɗi. Cikin lissafin ka ware la'adar dillali, kuɗin lamba, da na hular kwano mai rufe fuska, wadda a lokacin hunturu ita ke raba ka da ƙura da tsagewar leɓe.

Mataki na shida: saba da shi kafin ka yi nisa

Sabon inji ba a matsa masa a kilomita 1,000 na farko, kuma juyen baƙin mai na farko da wuri ake yin sa, bi abin da littafin kamfani ya ce. A wannan tsakanin ka daidaita madubi, kan babur, da hannun birki da na kuloci yadda yatsu za su same su ba tare da ka lanƙwasa wuyan hannu ba. Kaya a ɗaure su a kariyar bayan babur, ba a goya jaka a baya ba, jakar baya ita kaɗai ta isa ta dawo maka da ciwon kafaɗar da ka gudo daga gare shi.

Tafiyar farko ta zama matsakaiciya, kamar Kano zuwa Zariya, kana tsayawa duk bayan awa ɗaya ka taka ƙasa ka sha ruwa. Ka tafi da fulogi, wayar kuloci, sifanu da ƙaramin famfo. Kafin ka nufi wata jiha ko ka tsallaka Maraɗi ko Damagaram, tambayi direbobin tasha halin hanya, domin akwai yankunan da hukuma ke taƙaita hawan babur saboda tsaro, musamman da dare, kuma dokar kan sauya daga lokaci zuwa lokaci. Ka tsara tafiyar yadda za ka sauka kafin magariba.