Yadda za ka karanta waƙoƙin Jacobus Revius ba tare da ka gaji a shafi na biyu ba

Duk wanda ya ce min yana so ya shiga tsofaffin waƙoƙin ƙasar Holan, Revius nake fara tura shi wajensa, amma fa akwai hanyar shiga, in ka afka masa kai tsaye wallahi shafi biyu za ka yi ka rufe. Ni haka ta faru da ni karon farko, na kwafi waƙa ɗaya na zuba a manhajar fassara ta fito min da wani shirme mara kai mara gindi, na ce wannan shi ne mutumin da ake ta yabo? Ashe laifin ba nasa ba ne, rubutun ne tsoho.

To fara da sanin mutumin, amma a taƙaice, kar ka nutse. An haife shi a garin Deventer a 1586, sunansa na gida Jakob Reefsen, Revius ɗin sunan da ya mayar irin na Latin ne kamar yadda masu ilimin lokacin suke yi. Babansa na cikin shugabannin garin, sai a 1587 wani kwamandan Ingila, William Stanley, ya miƙa garin ga Sifaniyawa, iyalin suka tsere Amsterdam da shi yana jariri. Riƙe wannan a ranka, domin duk zafin da za ka gani a waƙoƙinsa kan Sifaniya daga nan ya samo asali, yaƙin nan na shekara 80 tsakanin Holan da Sifaniya tun 1568 ake gwabza shi, sai 1648 aka yi sulhu, kusan duk rayuwarsa ke nan. Ya yi karatun tauhidi a Leiden da Franeker, ya zaga Faransa kamar shekara 2, ya dawo ya yi aikin fasto a ƙananan garuruwa kafin a kira shi mahaifarsa Deventer a 1614.

Yanzu nemi littafin. Sunansa Over-Ysselsche Sangen en Dichten, wato waƙoƙi da baitocin lardin Overijssel, ya fito a 1630 aka ƙara shi a 1634, kuma yana nan kyauta a intanet a taskar adabin Holanci da ake kira DBNL. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi, ba tarin waƙoƙi ba ne da aka zuba yadda aka ga dama. Mutumin ya jera su ne bisa tsarin Littafi Mai Tsarki, daga halittar duniya, faɗuwar Adamu, annabawa, har zuwa rayuwar Yesu da ranar shari'a, sannan ga waƙoƙin ƙasa da na yaƙi. Don haka ajiye Littafi Mai Tsarki a gefenka, ko da kai ba Kirista ba ne, fassarar Hausa ma ta wadatar, kafin ka karanta waƙa ka duba labarin da ta tsaya a kai. Rabin wahalar ta tafi ke nan, tunda ka riga ka san me ake faɗa, saura ka ga yadda shi ya faɗe shi.

Sai maganar rubutu, nan ne na sha wuya. Holancin ƙarni na 17 ba shi da tsayayyar ƙa'idar rubutu. Inda yau ake rubuta aa shi zai sa ae, inda ake sa k zai sa c ko ck, g a ƙarshen kalma ta koma ch, d ta koma t. Kalmar duniya yau wereld ce, a wajensa werelt, droeg ta zama droech. Ɗauki takarda da biro ka sake rubuta layin da rubutun yau, sannan ka ba manhajar fassara ko ka buɗa ƙamus. Aiki ne, na sani, amma bayan waƙa biyar ko shida idonka zai saba, za ka riƙa gyarawa a kai ba sai ka rubuta ba.

Kar ka fara daga shafin farko. Fara da sonet ɗinsa, wato gajeriyar waƙa mai layi 14 kacal, mai suna Hy droech onse smerten, ma'ana ya ɗauki raɗaɗinmu, kuma ita ce aka fi saninsa da ita. Karanta layi 8 na farko ka tsaya. A ciki yana ta wanke mutane ne ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ba Yahudawa ne suka gicciye Yesu ba, ba waɗanda suka tofa masa yawu ba ne, ba sojojin da suka ɗaga guduma ba ne. Kana karantawa kana tambayar kanka to wa ke nan? Sai layi 6 na ƙarshe ya juyo da yatsa kansa, ya ce ni ne, ni ne itacen mai nauyi, ni ne igiyar, ni ne ƙusa da mashi da bulala da rawanin ƙaya, duk saboda zunubaina. Wannan juyin da ke tsakanin layi na 8 da na 9 shi za ka riƙa farauta a sonet ɗinsa. Kuma ka tuna fasto ne ya rubuta wannan a zamanin da ɗora wa Yahudawa laifin nan ya zama ruwan dare a Turai, ni dai duk sanda na dawo kanta sai jikina ya yi sanyi.

Daga nan wuce zuwa waƙarsa ta halitta, Scheppinge, inda ya kwatanta duniya da kayan kiɗa mai tsirkiya wanda Allah ya ɗaure ya kuma kaɗa. Wannan kam da murya za ka karanta ta, ko lafazinka bai yi daidai ba. Dogayen layukansa gaɓa 12 ne ko 13 da ɗan numfashi a tsakiya, salon da ya ɗauko daga mawaƙan Faransa, in ka yi shiru kana bi da ido kawai ba za ka ji wannan numfashin ba.

Waƙoƙin yaƙi bar su sai daga baya, kuma ka shiga da shiri, domin can ba ya sassautawa ko kaɗan, yana murnar nasarorin Holan kamar ƙwace garin 's-Hertogenbosch a 1629, yana ragargazar Sifaniya da cocin Katolika da kalamai masu kaifi. Ba sai ka yarda da shi ba, ni ma akwai wuraren da nake ganin ya wuce gona da iri. Mabiyin koyarwar Kalbin ne, wani jigon Furotesta, na gani kashe ni, yana ɓangaren da ya yi nasara kan mabiya Arminius, malamin tauhidin da ya saɓa wa koyarwar Kalbin, a babban taron coci na Dordrecht na 1618 zuwa 1619, kuma yana cikin masu duba fassarar Tsohon Alkawari a Littafi Mai Tsarki na Holanci da taron ya sa a yi, wanda ya fito a 1637. Mutumin da ya zauna yana auna kalmomin Ibrananci ɗaya bayan ɗaya, ba mamaki baitinsa ba ya ɗaukar kalmar banza.

Rubuce-rubucensa na Latin kuwa, sai in bincike kake yi. A farkon shekarun 1640 ya koma Leiden ya shugabanci kwalejin da ake horar da ɗaliban tauhidi masu tallafin gwamnati, can ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da falsafar Descartes, masanin nan Bafaranshe, littafi bayan littafi, ya kuma rubuta wani a 1647 kan rigimar ko ya halatta namiji ya tara dogon gashi. In tarihin gari ne ya dame ka akwai Daventria illustrata na 1651, tarihin Deventer. Ya rasu a Leiden a 1658. Waɗannan ka leƙa su bayan ka yi aƙalla wata guda kana sonet ɗaya a rana, da takardarka da biro, kana ja layi a ƙarƙashin layi na 9.